Shiga Kannywood daga Rano da Kibiya: Su wa ke riƙe da ƙofa, kuma yaya ake gane ɗan damfara?

A Rano da Kibiya, kamar sauran garuruwan Kano ta Kudu, da wuya a zaga unguwa a rasa matasan da ke shirya gajeren wasan barkwanci da waya suna ɗorawa a TikTok ko YouTube. Burin da yawa daga cikinsu shi ne wata rana a gan su a fim mai dogon zango. Daga Rano zuwa Titin Gidan Zoo da ke birnin Kano, inda ofisoshin 'yan fim suka fi yawa, tafiya ce da ake yi a dawo a yini guda. Sai dai wanda ya sauka a can bai san kowa ba yakan rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuma a daidai wannan gaɓa ce 'yan damfara ke jiransa.

Wannan bayani ya duba yadda ake ɗaukar sababbin 'yan wasa a masana'antar fim ta Hausa, hukumomi da ƙungiyoyin da ke da ta cewa, abin da doka ta tanada da abin da ta bari a buɗe, da kuma alamomin da ke bambanta mai gaskiya da mazambaci.

Shin akwai wakilin ɗan wasa a Kannywood?

A Amurka da Ingila akwai sana'a mai zaman kanta ta wakiltar 'yan wasa. Wakili shi ke nemo wa ɗan wasa aiki, ya yi cinikin ladansa, ya duba takardar yarjejeniya, sannan ya yanki la'adarsa bayan an biya. A Amurka la'adar da aka saba da ita ita ce kashi 10 cikin 100. Jihar Kalifoniya, inda Hollywood take, ta wajabta wa wakilai mallakar lasisi, kuma wata doka da ta fara aiki a can a 2010 ta haramta karɓar kuɗi tun gaba da sunan wakiltar mai neman shiga fim. Ginshiƙin tsarin ke nan: wakili ba ya cin ko sisi sai wanda yake wakilta ya samu.

Kannywood ba ta ginu a kan wannan tsari ba. Manyan jarumai sukan ajiye manaja ko wani na hannun dama da ke amsa waya da tsara musu ranakun aiki, amma sabon shiga ba shi da wani ofishi mai lasisi da aikinsa kawai shi ne nema masa rol. Abin da ke maye gurbin wakili shi ne dangantakar uban gida da yaronsa. Saurayi yakan raɓi wani darakta ko furodusa ko jarumi, ya yi masa hidima, ya bi shi lokeshin, ya riƙe fitila ko ya ɗauki kaya, har ranar da za a ce ya tsaya gaban kyamara ya faɗi layi biyu. Mace kuwa galibi wani ne da aka sani a harkar yake gabatar da ita.

Wannan tsari ya fitar da jarumai masu yawa, amma yana da rauni babba. Duk abin da ke tsakanin uban gida da yaro magana ce ta fatar baki. Idan uban gidan mutumin kirki ne, yaro ya dace. Idan ba haka ba, babu takardar da zai nuna, babu kuma wanda zai kai wa kuka. Saboda haka duk wanda ya gabatar da kansa a matsayin "wakilin Kannywood" mai ɗaukar sababbin jarumai, abu na farko da ya kamata a sani shi ne cewa masana'antar ba ta da wani ofishi guda mai wannan suna. Kannywood laƙabi ne na tarin kamfanoni masu zaman kansu, wanda mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji ta raɗa a ƙarshen shekarun 1990.

Yadda na farko suka shiga

Tarihin masana'antar ya nuna cewa ƙofar asali ita ce ƙungiyar wasan kwaikwayo. Kafin zuwan fim ɗin bidiyo, ƙungiyoyi irin su Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa suna yin wasan daɓe a Kano, wasu kuma suna fitowa a gidan talabijin na CTV, wanda yanzu ake kira ARTV, da NTA Kano. Ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake ɗauka a matsayin mafarin kasuwar bidiyon Hausa, kuma Ibrahim Mandawari na cikin waɗanda suka fito a cikinsa. Waɗannan mutane sun shafe shekaru suna atisaye a gaban jama'ar unguwa kafin kyamara ta same su.

Zama ɗan karkara bai taɓa hana shiga ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, ɗan Ɗanlasan ne a ƙaramar hukumar Warawa, kuma ma'aikacin gidan yari ne kafin barkwanci ya ɗaukaka shi. Abin da ya kai shi birni shi ne wasan da jama'a suka riga suka gani suka yaba.

Kasuwar ta sauya tun daga lokacin. A da, 'yan kasuwar kaset da faifai na Ƙofar Wambai su ne ke da babbar murya a kan fuskar da za ta sayar da fim. Satar fasaha da wayar hannu sun durƙusar da wannan kasuwa. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta zo da shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, waɗanda suka fito da fuskoki da dama da ba a san su ba a baya. Daga nan YouTube ya zama babbar kasuwa, inda shirye-shirye kamar Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira suka tara masu kallo. Fim mai dogon zango yana cin 'yan wasa da yawa, don haka guraben sun ƙaru. Haka nan masu amfani da sunan waɗannan shirye-shirye suna yaudarar jama'a sun ƙaru.

Hukumomi da ƙungiyoyin da ya kamata a sani

Ta farko ita ce Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001 a zamanin mulkin farko na Rabi'u Musa Kwankwaso, jim kaɗan bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar. Ita ke yi wa kamfanoni da masu sana'ar rajista, ita ke tace fim kafin a sake shi. Ikonta ba na wasa ba ne. A zamanin shugabancin Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fara a 2007, an ɗaure Adam A. Zango, sannan a ƙarshen 2008 aka ɗaure furodusa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama bisa tuhumar gudanar da kamfani ba rajista da sakin fim ɗin Tsintsiya ba tare da an tace ba, tuhumar da ya musanta. Isma'il Na'abba Afakallah ya jagoranci hukumar a zamanin Abdullahi Umar Ganduje. A 2023 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa jarumi Abba El-Mustapha, wanda a shekarar ya soke lasisin masu sana'ar ya umarci kowa ya sabunta. A watan Mayu na 2025 hukumar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 bisa dalilin rashin kai su a tace.

Darasin da ke cikin wannan ga sabon shiga a bayyane yake. Duk furodusan da ke aiki a Kano bisa ƙa'ida yana da shaidar rajista da wannan hukuma, kuma tambayarsa ya nuna ta ba rashin kunya ba ne. Wanda ya fito a fim ɗin da ba a tace ba yana iya tsintar kansa cikin rigimar da ba shi ya haddasa ba.

Ta biyu ita ce MOPPAN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu shirya fina-finai, wadda ƙungiyoyin jarumai da daraktoci da furodusoshi da marubuta ke ƙarƙashin inuwarta. Tana ladabtar da 'ya'yanta, kamar yadda ta kori Rahama Sadau a watan Oktoba na 2016 saboda wani bidiyon waƙa. Akwai kuma AFMAN, ƙungiyar masu shirya fina-finai ta Arewa. Amfanin waɗannan ƙungiyoyi ga baƙo shi ne suna iya tabbatar masa ko wane ɗansu ne ko ba ɗansu ba ne, kuma wuri ne na kai ƙara idan ɗansu ya ci amana.

A matakin tarayya akwai hukumar tace fina-finai ta ƙasa, NFVCB, da aka kafa a 1993, da Hukumar Fina-finai ta Nijeriya mai hedikwata a Jos, wadda Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Ali Nuhu ya shugabanta a watan Janairu na 2024. Sai Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, wadda ke da shafin intanet da kowa zai iya shiga da wayarsa ya rubuta sunan kamfani ya ga ko yana da rajista. Binciken minti biyar ne, ana iya yin sa daga Rurum ko Tarai tun kafin a biya kuɗin mota.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aikinta shi ne samar wa mutum rol. Katin ƙungiya ko lasisin hukuma izini ne na yin sana'a, ba alkawarin aiki ba ne. Wanda ya ce a ba shi kuɗin rajista a asusunsa na kansa, shi zai je ya yanko kati ya kuma haɗa da rol, ya haɗa ƙarya biyu a zance ɗaya.

Salon damfarar da aka fi sani

Mafi yawa ita ce ta shafin bogi. Ana buɗe shafi a Facebook ko TikTok ko Instagram da suna da hoton wani fitaccen jarumi ko darakta, a sanar da cewa ana neman sababbin fuskoki, a tura mai sha'awa zuwa wata lambar WhatsApp. Daga nan sai kuɗin fom, sai kuɗin katin shaida, sai kuɗin sutura, kowanne kaɗan-kaɗan yadda ba zai tayar da hankali ba. Ranar da aka daina turawa, ranar lambar ke mutuwa. Jarumai da dama sun sha fitowa suna barranta kansu da irin waɗannan shafuka.

Ta biyu ita ce ta dillalin da ya san bakin hanya. Shi mutum ne na zahiri, yana zama a Titin Gidan Zoo, yana da hotuna da jarumai a wayarsa. Hoto da jarumi kuwa ba shaida ba ce, domin duk wanda ya je biki ko lokeshin yana iya samu. Yakan karɓi kuɗi ya kai mutum wurin ɗaukar fim, a tsayar da shi cikin taron jama'ar da ke bayan fage, waɗanda da ma kyauta ake neman su.

Ta uku ita ce ta zuba jari. A ce wa saurayi ya kawo wani kaso na kuɗin shirya fim domin a ba shi babban rol. Akwai masu sayar da gona ko babur ko amfanin damina saboda wannan. Haɗa jari a yi fim ba laifi ba ne, amma wanda ya zuba kuɗi ya zama abokin kasuwanci, kuma haƙƙinsa ne a rubuta nawa ya bayar, wane kaso ne nasa, a wace tasha za a saki fim ɗin, wa ke riƙe da asusun da kuɗin YouTube ke shiga. In babu wannan a rubuce, cinikin biri a sama aka yi.

Ta huɗu, wadda ta fi muni, ita ce wadda ake yi wa mata: gwaji a ɗakin otal, neman hotunan da ba su dace ba da sunan duba siffa, ko sharaɗin lalata kafin a ba da rol. Hoton da aka tura yakan koma makamin barazana. Wani lokaci tayin yakan zo da alkawarin aiki a ƙasar waje, wanda hanya ce sananniya ta masu safarar mutane.

Muhawarar 2022

Zancen lada da cin zarafi ya fito fili a watan Fabrairu na 2022, lokacin da dattijuwar jaruma Ladin Cima ta shaida wa shirin Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa cewa abin da ake biyanta a fim yakan kasance tsakanin naira dubu biyu zuwa dubu biyar. Wasu manyan masu shirya fim, ciki har da Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi, sun musanta, suka ce sun biya ta fiye da haka. Mawaƙi Naziru Sarkin Waƙa ya shiga maganar, ya yi zargin cewa akwai masu neman kuɗi ko lalata kafin su saka mutum a fim, zargin da ya fusata da yawa daga cikin 'yan masana'antar.

Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, muhawarar ta tona abu guda: da akwai rubutacciyar yarjejeniya da rasit, da gardamar nawa aka biya ba ta taso ba. Idan wadda ta shafe shekaru masu yawa a harkar za ta shiga irin wannan taƙaddama, ina ga yarinyar da ta zo jiya daga Fammar ko Saji?

Matsalar ba ta Kano kaɗai ba ce. Tonon asirin furodusa Harvey Weinstein a 2017 ya girgiza Hollywood duk da wakilai da lauyoyin da ke can. A Indiya, rahoton kwamitin Mai shari'a Hema, wanda aka saki a watan Agusta na 2024, ya bayyana yadda ake cin zarafin mata a masana'antar fim ta jihar Kerala. Bambancin shi ne a waɗannan wurare an kai ga bincike na hukuma ko gurfanarwa a kotu.

Ma'aunin gane mai gaskiya

Na farko, kuɗi daga mai fim yake zuwa wurin ɗan wasa, ba daga ɗan wasa zuwa mai fim ba. Mai shiga tsakani na gaskiya la'ada yake ci bayan an biya. Kuɗin makaranta ko na rajistar hukuma daban ne, kuma ana biyansu a ofis ko a asusun hukumar, a karɓi rasit.

Na biyu, a tambayi aikin da ya yi. Sunayen furodusa da darakta da mai kula da shiri suna fitowa a farko ko ƙarshen kowane fim. A buɗe fim ɗin a duba. Sannan a nemi wani da ya taɓa aiki da shi a ji ta bakinsa, ba wanda shi ya zaɓo ba.

Na uku, ofis da rana. Gwaji na gaskiya ana yin sa a wurin da aka sani, a gaban mutane fiye da ɗaya. Mace ta je da muharraminta ko wata babbar 'yar'uwa. Kamfanonin kirki da kansu sukan nemi amincewar iyaye ko waliyyi kafin su ɗauki mace. Wanda ya ce a ɓoye wa iyaye, ko ya ce zuwa da rakiya ƙauyanci ne, ya riga ya bayyana nufinsa. Yaron da bai kai shekara 18 ba kuwa, iyayensa ne za su yi magana a madadinsa.

Na huɗu, takarda. Ko da shafi ɗaya ne da Hausa, a rubuta sunan fim, yawan fitowa ko ranakun aiki, lada da ranar biya, da wanda zai ɗauki nauyin mota da abinci da masauki. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta amince da haƙƙin mai wasa a kan wasansa, amma kare haƙƙi a kotu yana buƙatar shaida. A kuma yi hattara da yarjejeniyar da ke ɗaure mutum shekaru ba ya aiki da kowa, alhali ba ta ɗora wa uban gidan wajibcin ba shi aiki ba.

Na biyar, gaggawa da alkawarin ɗaukaka. Babu mai iya lamunce wa wani farin jini. "Gurbi ɗaya ya rage, turo kafin magariba" maganar ɗan damfara ce a kowace sana'a.

Wanda aka riga aka cuta kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana saƙonni da lambar asusun da shaidar tura kuɗi, ya sanar da bankinsa nan take, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda. Karɓar kuɗi ta hanyar yaudara laifi ne a ƙarƙashin dokar zamba ta 2006, kuma EFCC na da ofishi a Kano. Barazana da hotuna ta faɗa ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. Batun safarar mutane na hukumar NAPTIP ne. Idan wanda ake zargi ɗan masana'antar ne, a haɗa da hukumar tace fina-finai da ƙungiyarsa.

Abin da za a iya farawa daga gida

Hanya mafi aminci ita ce a zo da abin nunawa. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta ko ta unguwa, wasan faɗakarwa a kan shaye-shaye ko tsaftar muhalli ko zaɓe, da gajerun bidiyo masu tsabtar sauti, duk suna zama shaidar iyawa. Wanda ya iya wani aikin bayan fage, kamar ɗaukar hoto, haɗa sauti, tace hoto a kwamfuta, kwalliya ko rubutun labari, ya fi saurin samun wurin zama a lokeshin, kuma yana da abin dogaro idan rol bai zo ba. Ga mai son karatu, akwai sashen nazarin wasan kwaikwayo a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos. Kada kuma a saki noma ko kasuwa ko makaranta tun kafin fim ya fara ciyarwa, domin ladan sabon shiga ba ya riƙe gida.

Inda siyasa ta shigo

Kano ta Kudu ta taɓa zama a tsakiyar shirye-shiryen gwamnati kan harkar fim har sau biyu. A mulkinsa na biyu, tsakanin 2011 da 2015, Kwankwaso ya kafa makarantar koyon fim a Tiga cikin jerin cibiyoyin koyon sana'a na jihar. A 2016 kuma gwamnatin Muhammadu Buhari ta sanar da shirin gina alƙaryar fim ta kimanin naira biliyan 3 a Kofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji, sannan ta janye bayan adawa mai zafi daga malamai da wani ɓangare na jama'a. Duka wuraren biyu maƙwabtan Rano ne.

Tun 2001 ƙarfin dokar Kano ya fi karkata ga abin da ke fitowa a allo: sutura, rawa, kalamai. Abin da ke faruwa kafin a kunna kyamara, wato wa ya ɗauko wa, nawa aka karɓa, nawa aka biya, bai sami irin wannan kulawa ba. Matasan mazaɓar Rano da Bunkure da Kibiya suna da 'yan majalisa a Kano da Abuja, kuma akwai buƙatu uku da za su iya gabatar musu waɗanda ba sa cin kuɗi mai yawa: a wallafa sunayen kamfanoni da furodusoshi masu lasisi a inda kowa zai gani da wayarsa, a wajabta rubutacciyar yarjejeniya ga duk wanda aka ɗauka aiki a fim, a kuma buɗe teburin karɓar ƙorafi da mace za ta iya zuwa ba tare da an tona sunanta ba. Kafin a kai ga haka, kariyar mai neman shiga tana hannunsa da na iyayensa: ya bincika sunan kamfani, ya je da rakiya, ya nemi takarda, kuma kada ya biya kowa kuɗin rol.